Tarwaɗar Surukina da Akwatin Ruwan Gishiri

Na yi tafiye-tafiye, na ga abin dariya da na kuka a harkar albasa, amma ranar da surukina ya tsaya a tsakiyar falona riƙe da bokitin tarwaɗa, ita kam har in koma ga Allah ba za ta fita raina ba.

Ni dillalin albasa ne. A Aliero nake saye, in loda motoci zuwa kudu, gidana kuma yana Jega. Da ɗaukar buhu na fara, don haka duk abin da na mallaka na san yadda ya zo. A wata tafiya Legas na shiga ofishin wani mai karɓar kayana, na ga akwatin gilashi cike da ruwan teku, kifaye masu launi kamar an rina su suna yawo tsakanin duwatsu. Na manta da cinikin da ya kai ni, na zauna ina kallo. Kafin in baro garin sai da aka haɗa ni da mai sana'ar, na sayi akwatin da injin juya ruwa da gishirinsa na musamman da fararen duwatsun teku busassu, masu huji-huji kamar gidan gara. Kifi ne kawai mai sana'ar ya hana ni saya. Ya ce in na zuba kifi a sabon ruwa, gawa zan kwashe. Sai ruwan ya nuna tukuna.

Nunar ruwan nan aiki ne na mai haƙuri. Da farko na jiƙa duwatsun a duro cikin ruwan gishiri, na rufe, ina canza ruwan lokaci-lokaci har ɗoyin da ke fita daga cikinsu ya kau. Sannan na jera su a akwatin, na cika da tataccen ruwan da na saya wajen masu fiya wata, na dama gishirin daidai awo. Abin da ya fi ba mutanen gidana mamaki shi ne da na jefa ɗan guntun jatan lande a ciki na bar shi ya ruɓe. Mutumin Legas ya bayyana mini cewa ruɓewar ce ke ciyar da wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su yaɗu cikin ramukan dutsen, su ne kuma za su riƙa cinye ƙazantar kifi idan ya zo. Kullum da safe in ɗebi ruwa a ƴar kwalba, in ɗiga magani, in duba launi. Launi ya ce da saura, ni ma in ce da saura. Ga zafin Jega, sai da na ƙara faifan sola don fanka da inji kada su tsaya.

Makonni suka shuɗe, akwati na tsaye a falo babu ko ɗan kifi, duwatsun ma suka fara yin wani ja-ja kamar tsatsa. Maƙwabcina, wani mahauci mai bakin tsiya, kullum sai ya leƙo.

"Alhaji, yaya jikin dutsen? Ya ci abinci yau?"

"Ya ci, yana gaishe ka."

"Wallahi ka burge ni. Kowa na kiwon tumaki, kai kana kiwon ruwa."

Ban damu ba, don na san abin da nake jira.

Wanda ban yi lissafi da shi ba shi ne mahaifin matata. Dattijo ne manomi a Gumbin Kure, mai faɗa a ji a danginsa. Tun da na auri ƴarsa, maganata da shi ba ta taɓa wuce gaisuwa ba. In durƙusa, in sunkuyar da kai, in tambayi gona da iyali, in tashi. Na iya ɗaga murya a kan direban tirela har kasuwa ta juyo, amma gaban tsohon nan ko tari ba na yi. Ashe ya zo wata ranar kasuwa ba na nan, ya ga akwatin, ya tambayi ƴarsa ina kifin. Ita kuma bayanin ya yi mata tsawo, ta ce masa bai samu ba tukuna. Tsoho ya koma gida da damuwa. A ganinsa, mijin ƴarsa ya kashe abin hannunsa a kan gilashi, kasuwa ta juya masa baya, har abin zubawa a ciki ya gagare shi, kuma kunya ta hana shi faɗa.

Ranar da abin ya faru ina Aliero ana ɗinke buhuna, da hantsi matata ta kira ni, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Baba ya zo da kifi a bokiti, yana neman a buɗe mishi murfin akwatin. Na ce sai ka zo." Ban san lokacin da na hau mota ba.

Na iske shi tsaye, babbar rigarsa ta jiƙe daga gwiwa zuwa ƙasa. Da kansa ya je wajen masunta da sassafe ya zaɓo tarwaɗa masu rai, ya riƙo bokitin a kan babur tun daga ƙauye. Mahaucin nan kuwa ya riga ya shigo, har ya taya shi ɗage murfin, ya koma gefe yana jiran kallo. Na durƙusa na fara gaisuwa, ina jan ta iya ja, zuciyata na lissafi. In ya juye, tarwaɗar za su mutu a gabansa cikin gishiri, ruwan gulbi da laka su lalata duk wahalar da na sha. In na hana, na mayar wa surukina kyautarsa a gaban baƙo. A wajenmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, ana iya shekara ana maganarsa.

Na fara da dabara. Na ce, "Baba, da an bar su sun ɗan huta, sun sha hanya."

Ya ce, "Kihi ka hutawa cikin bokiti? Wanga ɗaki nasu ya hi."

Na ce ko a bari rana ta yi sanyi. Ya ce ai falon da sanyi. Na waiga wajen labule, na hango matata ta dafe kai da hannu biyu. Mahauci kuma ya ƙara wuta, ya ce, "Zuba, Baba, dutsen nan ya gaji da kaɗaici."

Tsoho ya yi bisimilla ya ɗaga bokiti har bakin gilashi, wata tarwaɗa ta fantsalo masa ruwa a gemu. Sai kawai na ji kaina a tsaye, hannuna a kan bokitin, murya ta fita irin wadda nake yi a kasuwa: "Baba, kada ka zuba!"

Tsoho ya tsaya da bokitin a sama. Ya dube ni, ni ma a karon farko na dubi idonsa. Na ga ɓacin rai ya fara taruwa a fuskarsa. Na ce, "Ka gafarce ni, Baba. Don Allah sa yatsa a ruwan nan ka lasa."

Ya ajiye bokiti a hankali, ya tsoma yatsa ya kai baki. Nan take ya yamutsa fuska.

"Gishiri na! Kai, miya kaka dahwawa cikin gilashi?"

Mahauci ya faɗi kan kujera yana dariya. Ni kuwa tunda baki ya riga ya buɗe, sai na zaunar da tsohon na yi masa bayani tun daga Legas. Na nuna masa kwalbar gwaji, na ɗiga magani ya ga launi, na gaya masa kifin da nake jira a teku ake haifarsa, nasa kuma na gulbi ne, gishiri zai kashe su kafin azahar. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi tambayar da ta kawo shi.

"To, ba karyewa kay yi ba?"

Na ce lafiya lau nake, yanzu haka ma ana loda mini mota.

Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Ya ce kwana da kwanaki bai yi barcin kirki ba, har ya fara tunanin wane sa zai sayar ya tallafa mini ba tare da na sani ba. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ashe kana da murya. Ni na ɗauka bebe nib ba ɗiyata aure."

Tarwaɗa dai ba su yi asara ba. Matata ta yi farfesunsu da yamma, muka ci a kwano ɗaya ni da shi, abin da ba mu taɓa yi ba. Mahauci ma bai tafi ba sai da ya samu kai biyu.

Da ruwa ya nuna, aka aiko mini da ƙananan kifaye biyu masu ruwan lemo da farin zane, na aika mota ta ɗauko surukina. Ya daɗe yana kallonsu suna shiga ramukan dutse suna fita, sannan ya ce duk wahalar nan a kan abin da bai cika loma ba. Amma bai tashi daga gaban gilashin ba sai da aka kira la'asar.

Yanzu da nake da surukai nawa, na fahimci abin da ranar ta koya mini. Sunkuyar da kai gaban babba abu ne mai kyau, amma shirun da ya bar shi cikin zullumi ba ladabi ba ne. Mai ƙaunarka in bai san halin da kake ciki ba, zai ƙiyasta mafi muni, ya ɗora wa kansa wahala a kanka. Gara ka ɗaga kai ka gaya masa gaskiya, ko da muryarka za ta yi rawa.