Herminia da Madubin da Ya Tsage

Herminia Zepeda 'yar garin Combarbalá ce a ƙasar Chile, ubanta makiyayin awaki mai sayar da cuku. Ta daɗe tana gyaran rediyon oba-oba a wata mahaƙar tagulla ta arewacin Chile, sai da furfura ta fara leƙowa sannan aka ɗauke ta aiki a gidan hangen taurari da ke kan dutse.

Iskar sama ba ta zama wuri ɗaya, shi ya sa hasken tauraro ke isowa yana rawa, hoto ya fito dishi-dishi. Maganin da ma'aikatan gidan ke haɗawa wani madubi ne mara kauri, wanda na'ura ke lanƙwasawa cikin ƙiftawar ido don ya gyara rawar. Herminia ce ke manna ƙananan maganaɗisu a bayansa, ɗaya bayan ɗaya, tana riƙe numfashi.

Saura kaɗan su gama, wata rana da hantsi suna shan shayi da burodi, ƙasa ta girgiza. Da ta lafa suka ruga ɗakin aiki, suka tarar madubin ya tsage daga gefe har tsakiya.

Shugaban sashen, wanda suke kira Don Nibaldo (a can Don da Doña kamar Malam da Malama ne), ya zauna daɓas a ƙasa.

"Shi ke nan, Doña Herminia. Kafin a ƙero wani a Turai an raba mu, kowa ya kama gabansa."

"Tashi, Don Nibaldo, kada wandonka ya yi datti. Ina tsohon ƙaramin madubin nan na sito?"

"Wannan ai sa'an kakanki ne!"

"Kakana ma bai ajiye aiki ba sai da ya mutu. A fito da shi."

Yayanta Evaristo ya bugo waya. "Ke, sauko haka nan. Ga awaki sun rasa mai tatsa, kina can kina yi wa taurari kwalliya."

"Yaya, hannunka ciwo yake yi? Tatsa abinka."

Da tsohon madubin suka ci gaba da gwaji duk tsawon hunturu. Sanyi ya farfasa mata yatsu, ta riƙa dumama su a jikin butar shayi tana komawa. Gwajin ya nuna aikin na tafiya, don haka ba a raba su ba. Da sabon madubi ya iso, ta sake manna maganaɗisun tun daga farko.

Tana gida hutu Don Nibaldo ya turo mata hoton farko da aka ɗauka da sabon madubin. Tauraron da aka daɗe ana ɗauka ɗaya ne ya fito biyu, kowanne tas.

Ta miƙa wa mahaifiyarta wayar. Tsohuwar ta ƙura ido.

"Duk wahalar nan a kan ɗigo biyu, 'yar nan?"

"Da ɗaya ne, Mama."

"To, Allah ya ƙara. Zo ki ci abinci."

Washegari da sassafe Herminia ta hau motar komawa dutse, domin akwai wani madubin kuma da ke jiran a manna masa maganaɗisu.