Kwalekwalen Yaya da Buhunan Taki

Lokacin garinmu yana ƙarƙashin jihar Sakkwato, yayana ya je Yawuri ya ga jiragen da iska ke turawa, ya dawo Argungu da magana ɗaya a baki: mu ma sai iska ta tura namu. Ya ɗinke buhunan taki, ya kafa doguwar sanda a tsakiyar kwalekwalenmu, ya ɗaura su. Yaya mutum ne da in ya sa abu a gaba, gara ka bi shi ka huta.

Farkon sanyi ne, ruwan fadama bai janye ba, rabinsa burugu ya rufe, ciyawar nan mai shimfiɗa a kan ruwa kamar tabarma. Muka loda dashen albasa za mu kai gonarmu ta Gulma. Inna ta ce mu jira ruwa ya ragu. Yaya ya yi dariya.

Da farko abin ya yi daɗi, ko filafilin tuƙi ban taɓa ba muna ta gudu. Sai na lura Yaya ya ɗaure igiyar buhunan a ƙugunsa, yadda masuntanmu ke ɗaure gorar da suke iyo a kanta don kada ta tsere. Na ɗaga murya.

"Yaya, kwance igiyag ga!"

"Kai dai riƙe albasa," in ji shi.

Bai rufe baki ba iska ta juyo. Buhunan suka fizge shi, ya faɗa ruwa, kwalekwalen ya ja shi ƙarƙashin burugu. Ciyawar ta rufe, ko kumfa babu. Yaya gwanin iyo ne, amma a ƙarƙashin burugu ba inda mutum zai fitar da kai.

Na tumɓuke sandar don jirgin ya tsaya, na kama igiyar na ja. Ruwan sanyi ya kashe mini yatsu, ban ma san tafina ya tsage ba. Ina ja ina kiran sunan Allah, ina zaginsa, don tsoro da haushi sun haɗe mini. Kwandon albasa ya tare ni, na hankaɗa shi ruwa.

Ƙafarsa ce ta fara fitowa. Na kifa shi a bakin jirgi ya yi ta aman ruwa, leɓensa fari fat.

Da muka isa gida, Inna ta ga shatin igiya a ƙugunsa. Ba ta tambayi albasa ba. Ta ɗora hannu a wurin, ta kasa ɗaukewa, shi kuma ƙato da gemunsa ya fashe da kuka.