Takaicin Iya Mai Shara

Shekara ashirin Iya Mai Shara tana share makarantar nan. Bayan azuzuwa tsakuwa ce zalla, amma ita tun zuwanta inuwa take hangowa a wurin. Ta dasa bishiyoyi bakwai, ta shayar da su da ragowar ruwan goge daɓe, tana yi musu hira ƙasa-ƙasa kamar jikoki. In iska ta kaɗa ganyen, sai ta jingine tsintsiya ta lumshe ido.

Ranar da manyan baƙi suka zo yaba lambun, cewa aka yi ta zauna a ɗakin ajiya, wai zaninta ya koɗe. Ta kafar taga ta ga shugaban makaranta, wanda bai taɓa ɗaga bokiti ba, yana shan tafi a inuwarta.

A gida ƙanwarta ta ce, "Yaya, wannan fushin ai sai ya ƙona miya."

"Ba fushi ba ne, ke dai. Fushi da wanda za ki iya yi wa faɗa ake yi. Wannan takaici ne: gaskiya taki, baki na wani."

Washegari shugaban ya tare ta da takarda a hannu. "Iya, baƙin nan sun ce in rubuta musu yadda aka raya bishiya a kan tsakuwa. Yaya ma aka yi?"

Ta daɗe tana kallon ganyen yana lilo.

"Ranka ya daɗe, ai kai ka dasa. Ka tuna mana."