Ranar da Na Ƙage Amalanken Mai Ƙanƙara

Na fi shekara ashirin ina walda a Ƙofar Dumi, kuma a wurina duk ƙarfen da ke motsi lalacewa ya yi. Haka aka koya mini. Ƙofa ta yi rawa, a sa mata wuta. Ƙafar gado ta yi rawa, a sa mata wuta.

Ina da aboki mutumin Bogoro, mai sayar da ƙanƙara. Shi coci yake zuwa, amma da azumi ya fi kowa farin jini a unguwarmu. Amalanke yake ja da babur, wata ƙusa mai kauri ta ratsa zobe biyu, ita ke haɗe da su. Wata rana da azahar, ana tsakiyar azumi, ya tsaya shagona da lodi cike.

"Injiniya, abin nan ya dame ni da ƙara. Duba mini. Bari in zaga baya in sha ruwa, kada in tsone maka ido."

Na duba, na ga ƙusa tana wasa cikin zobe. Na narka mata ƙarfe ta kowane gefe, har guduma ba ta motsa ta. Ƙara ta ɗauke. Har godiya ya yi mini.

Bai jima da tafiya ba sai ga wayarsa.

"Injiniya, me na tsare maka?"

Na same shi a wani lungu a Ƙofar Ran, daidai kwana. Babur ya karya kai, amalanke ya ƙi bi. Sun zama sanda guda, gaba katanga, baya kwata. Ruwa na ɗiga ƙarƙashin buhu, kuma lodin nan shi ne jarinsa kaf.

Wani dattijo, tsohon direban tirela, yana zaune a dakali. Ya leƙa aikina ya ce, "Kai ne gwanin? Kawo gwiwarka in yi mata haka, mu ga sujadarka. Wasan nan da ka kashe, da shi kai ke juyawa jiki ya biyo. Giris kawai take nema."

Ba wuta a lungun, sai zarto. Da bakin azumi na yanke aikin hannuna, kuma wallahi waldar ta yi kyau, shi ya sa ta ci mini lokaci har bayan la'asar.

Kusan rabin ƙanƙarar ya narke. Lokacin kai wa masu shaguna ya wuce, sai muka bi gidajen lungun, shi yana sallama, ni ina dako a kafaɗa, ruwan sanyi na bin bayana. Kafin kiran magariba muka sayar da ragowar. Jarin ya dawo da ƙyar, riba kam ta bi kwata.

Guntun ƙarshe ya miƙo mini. "Ungo, je ka sha ruwa. Girisin ni zan sa da kaina."