Gidan Ƙanena a Bakin Tafki

Ni da ƙanena ba mu taɓa iya doguwar hira a waya ba. Gaisuwa ce, ya gida ya aiki, sai shiru. Amma mun shekara uku muna haɗuwa a cikin wani wasa na intanet, irin wanda mutum ke zaɓar jaruminsa ya shiga duniya guda da dubban mutane, kuma a can bakinmu ba ya rufuwa. Ina shagona na kayan waya a unguwar Nzeng-Ayong da ke Libreville, shi yana Kano. Yaƙe-yaƙen wasan ba su dame shi ba. Ɗan gida ya gina a bakin tafki, ya shuka kabewa, ya ajiye akuya ɗaya.

Da Allah ya yi masa rasuwa ban samu jana'iza ba. Bayan na dawo daga ta'aziyya, sai na riƙa shiga wasan da la'asar idan ciniki ya lafa, in tsaya a ƙofar gidan nan na ɗan lokaci, in fita. Ban gaya wa kowa ba.

Sai masu wasan suka sanar da sabon babi. A hoton tallar, ruwa ya cinye tsohuwar ƙasar gaba ɗaya.

Muna da zauren hira a waya, mu Hausawan Libreville masu wannan wasa. Ranar da babin ya fito, zauren ya ɗauki zafi. Wani mai kanti a unguwar Cocotiers ya ce sai yanzu marubutan suka farka, labarin da ma ya yi tsami. Wata mai sayar da atamfa ta ce an kashe tsohon sarkin tafki na cikin labarin a banza, don kawai a sa mutane kuka, ita goge wasan za ta yi. Babu wanda ya ambaci gidaje. Ni kuma kunya ta hana ni tambaya, mutum da furfura a gemu yana cigiyar kabewa. Kwana huɗu ban buɗe wasan ba.

Ranar Lahadi da azahar, ana tsuga ruwan sama, abokina direban taksi, mutumin Maraɗi, ya tsaya a bakin shago. Ya san ƙanena a wasan, sun sha fita farauta tare. Ya shigo yana kakkaɓe riga.

"Alhaji, ka buɗe?"

Na ce ban samu sukuni ba.

"Kawo telefon ɗin," in ji shi.

Saukar da babin ya ci kusan awa guda, rezo, wato sabis ɗin waya, yana zuwa yana ɗaukewa. Bai yi mini maganar komai ba sai ta ramukan hanyar Plaine Orety.

Ambaliyar gaskiya ce. Inda ƙauyen yake, ruwa ne iya ganin ido. Sai dai labarin ya fara ne da wata tsohuwa mai kwalekwale, wadda ta ɗauki jarumina ta haye da shi kan tudu. A hanya ta ce masu gidajen da suka yi tafiya ba su dawo ba, maƙwabta sun kwance musu gidajen sun sake kafawa a sama, domin ba a barin ƙofar maƙwabci ga ruwa.

Na bi layin gidajen ɗaya bayan ɗaya. Nasa ne na kusa da ƙarshe, da sunansa a jikin ƙofa. Kabewar ta tafi. Akuyar kuwa tana tsaye a kan rufi.

Dariya ta kuɓuce mini, har da hawaye. Abokina ya juya yana duba cajojin da ke rataye, ya daɗe yana dubawa. Daga baya ya ce ya rasa fasinja ba adadi saboda ni, sai in saya masa shayi. Na aika aka kawo har da burodi.

Da yamma na rubuta a zaure cewa ni dai labarin ya yi mini. Mai atamfa ta amsa nan take, ta ce duk da haka kisan sarkin shirme ne. Na ce mata a wannan kam tana da gaskiya.