Jirgin da Ya Kawo Mahaifina

Mahaifina Bajamushe ne. Na fara da wannan ne don a huta da tambaya, domin tun ina yaro a Tudun Wada duk baƙon da ya gan ni sai ya tsaya ya ƙare wa gashina da hancina kallo, sannan ya tambayi na kusa da shi ɗan wane ne wannan. Amsar ɗaya ce kullum: ɗan Baturen ƙirgi.

Da wannan laƙabin kowa ya san shi. Ya zo Zariya lokacin da jirgin ƙasa bai daɗe da isowa ba, yana saye wa wani kamfani fatu da ƙiraga. Tudun Wada a lokacin gidaje ne jefi-jefi, yawancinsu na baƙi irin kakana, wanda dillalin fata ne. A zauren kakan nawa Baturen ya ga mahaifiyata ta kawo ruwa, ya nace har ya karɓi kalmar shahada a gaban liman aka ɗaura musu aure. Liman ya raɗa masa suna irin namu, amma an ce ko sau goma ka kira shi da shi ba ya waiwayowa. Ina goye yaƙi ya ɓarke tsakanin Ingilishi da Jamus, aka zo aka sa shi a jirgin ƙasa aka yi kudu da shi. Daga ranar ba wanda ya sake jin ɗuriyarsa.

Ni ne ɗan fari, ni ne kuma auta, don mahaifiyata ba ta sake aure ba. Kowa ya san yadda uwa take da ɗan farinta a wurinmu. Ba ta kiran sunana, ba ta yi mini wasa a gaban mutane, ana yaye ni ta miƙa ni ga ƙanwarta da ke gida ɗaya da mu. Ƙanwar nake kira Inna. Ita kuwa da ta haife ni Yaya nake ce mata, kamar yadda na ji Inna tana cewa. Idan tana son in ci abinci sai ta ce wa bango, “A gaya wa yaron nan tuwo zai huce,” alhali ina zaune gabanta. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba. Tsokar da ta fi girma a kwanona take ƙarewa, kuma na san hannun da ya sa ta.

Da na gama makarantar boko na sami aikin akawu a reluwe, bayan 'yan shekaru aka tura ni Ikko. Can na fara ganin teku, na kuma ga jirgin ruwa da idona, ya fi duk unguwarmu tsawo. Ranar na rasa sukuni. Sai na riƙa zuwa bakin ruwa ran Lahadi ina kallon Turawa suna saukowa da akwatunansu, ina cewa a raina haka mahaifina ma ya sauko wata rana, daga wani jirgi mai suna, wanda ya taso daga wani gari mai suna. Ni da nake rubuta sunan kowane buhun gyaɗa da inda ya fito, ban san ta inda ubana ya ɓullo ba. Abin ya tsaya mini a rai.

Wani abokin aikina ya haɗa ni da wani dattijo Bayarabe, tsohon akawun tashar jiragen ruwa, wanda ke riƙe da makullin ɗakin da aka jibge tsofaffin littattafan fasinja, har da na jiragen Jamus na kafin yaƙi. Mutum ne mai haƙuri, yana ɗan jin Hausa. Ya buɗe mini littafi ɗaya ya nuna mini yadda abin yake: sunan jirgi a sama, ƙasa kuma sunayen mutane, kowa da sana'arsa da garin da ya fito.

“In mun sami jirgin, mun sami garinsu,” in ji shi. “Sai ka rubuta wasiƙa can. Mene ne sunansa?”

Na ce Baturen ƙirgi.

Ya cire tabarau ya dube ni. “Malam, kusan duk wanda ke cikin littattafan nan fata ya zo saye, ko gyaɗa, ko manja. Sunan da uwarsa ta ba shi nake tambaya.”

Ga ni da gashin baki, ina sa kwat ina ɗaura lakataye, ban san sunan ubana ba, kuma sai a ranar na lura. Dattijon ya ce in je gida in tambayo, littattafan ba inda za su.

Na ɗauki hutun mako guda na hau jirgin ƙasa zuwa Zariya. Inna na fara tara da maganar, tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ce kakana ya rasu bai taɓa iya furta sunan ba, liman ma haka, amma Yaya ta sani sarai. Baturen da kansa ya koya mata, yana maimaitawa tana dariya, har ta iya. Na tambayi Inna ko ita ta riƙe wani abu. Ta ce abin da ta tuna kawai shi ne farkonsa kamar mutum zai yi kaki.

To, ga inda matsalar take. Macen kirki a zamaninsu ba ta kama sunan mijinta, ko yana raye ko ya mutu. Amma mata suna da dabararsu. Idan dole ta kama, sai mace ta ce mai sunan liman, ko takwaran mahaucin bakin kasuwa, kowa ya gane, ita kuma bakinta bai faɗa ba. Yaya ba ta da wannan mafita. Daga Tudun Wada har cikin birni, har ƙauyukan da ke bayan ganuwa, babu mahaluƙi ɗaya da ke da sunan mijinta. Ba ta iya rubutu ba. In dai za a ji sunan, sai ta buɗe baki ta faɗe shi, kuma a gaban ɗan farinta.

Inna ta kai saƙo. Kwana uku ba amsa, ina ta zirga-zirga ina jin haushin al'adar da ba ni na ƙirƙiro ta ba. A rana ta huɗu Inna ta ce Yaya ta ce a gaya wa yaron nan ya zo bayan la'asar, ya taho da takarda da alƙalami.

Na same ta a ɗakinta ita kaɗai, ta ba ƙofa baya, tana kaɗi. Na zauna a bakin ƙofa na gaishe ta, ta amsa wa bango. Mazarin yana juyawa, sai ya tsaya. Ta gyara lulluɓinta, ta yi gyaran murya, ta sake gyara lulluɓin. Ina kallo zaren ya tsinke a hannunta. Tsohuwar da ban taɓa ganin ta ruɗe ba, ko ranar da gobara ta cinye mana rumbu, ga ta ta rikice saboda ni. Kunya ta rufe ni, na ji kamar na sa ta tuɓe a kasuwa.

“Yaya, bari,” na ce. “Ba gaggawa. Wani zuwan ma ya yi.”

Ta kamo bakin zaren da ya tsinke. Sannan ta ce, “To.” Ta ɗaura zarenta ta ci gaba da kaɗi.

Na fito ina jin kaina ɗa na gari. Har na yi wa Inna fahariya cewa ba zan sayi sunan Bature da mutuncin uwata ba. Inna ta dube ni wani iri. Washegari na koma Ikko. Da damina ta tsaya aka buga mini waya cewa Yaya ta rasu, zazzaɓin kwana biyu. Kafin in iso an rufe ta.

Bayan sadakar bakwai Inna ta kira ni ɗakin Yaya. Ta ce, “Kai dai ba ka da wayo, ɗan nan. Ka san kwana ukun da ka yi kana jira me take yi? Fita take bayan gida ita kaɗai tana gwada bakinta, don kada ta faɗa maka shi a karkace. Shekara da shekaru tana neman dalilin da zai halatta mata ta kira shi sau ɗaya, kai ka kawo dalilin, kai ka ƙwace. Da ka fita kuka ta yi. Ta ce yaron nan ya hana ni.”

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, har yau kuma bai sake ni ba. Na ɗauka ita nake rufa wa asiri, ashe kaina na tausaya wa, don ni ne na kasa zama in ji.

Da na koma Ikko na je wurin dattijon na gaya masa ban samo ba. Bai tambaye ni dalili ba. Ya ba ni kujera, ya sauko da littattafan shekarun da nake zato, ya bar ni da su. Lahadi bayan Lahadi na bi su jirgi-jirgi, na sa yatsa a kan kowane layi, na karanta sunan kowane Bajamushe da ƙarfi, ina jira ko zan ji wani abu a jikina. Ban tsallake ko ɗaya ba, saboda haka na tabbata na kira sunan ubana a ɗakin nan. Na kira shi, na zarce zuwa na ƙasa da shi.