Aska a Maƙogwarona

Baba Mai Aski bai taɓa barin kan mutum rabi da rabi ba, kuma wannan taurin kai ne ya sa ya jingine maganin hawan jininsa. Ƙwayoyin suna sa shi yawan fitsari, shi kuwa abin kunya ne a wajensa ya bar mutum da kumfa a fuska ya zaga bayi. 'Yarsa ta yi faɗa har ta gaji. Da na sa baki, cewa ya yi, "Ɗana, tun kana ɗan tatsitsi nake aske wannan ƙeyar taka. Yau kai ne likitana?"

Ranar da abin ya faru ina kan kujerarsa, kaina a ɗage, aska tana bin ƙasan haɓata. Yana tsaka da ba ni labari sai maganarsa ta sarƙe. Na dubi madubi. Bakinsa ya karkace gefe guda, hannunsa na dama ya yi nauyi a kafaɗata, askar kuma tana kwance a maƙogwarona. Tsoro ya kama ni.

"Baba," na ce a hankali, "saki askar."

Idonsa ya nuna ya ji ni, amma yatsun sun ƙi bin umarni. Na ɗaga hannu sannu-sannu, na kama tsintsiyar hannunsa, na janye ta. Ya sulale kan benci.

Jim kaɗan bakin ya ɗan dawo daidai. "Jiri ne kawai. Zauna in ƙarasa maka."

"Wallahi, Baba, ko za ka tsine mini, asibiti muka nufa."

Likita ta ce zuciyarsa ta daɗe tana bugawa ba bisa ƙa'ida ba, har jini ya daskare a cikinta, wani ɗan gudan jinin ya tafi ya toshe hanyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa. Da mun tsaya ƙarasa aski, in ji ta, da wani labarin ake yi.

Ya rayu, magana ta dawo, amma hannun daman bai dawo ba. Da na je duba shi a gida, na tarar gemunsa ya yi buzu-buzu. Ya daɗe yana kallon askar da ke kan tebur, sannan ya tura mini ita da hannun hagu, ya ɗaga haɓarsa, ya rufe ido.

"Bi a hankali, ɗana. Ban taɓa zama a wannan ɓangaren ba."